Wa Za Ta Riƙe wa Kaka Lema

Shatou, watan Maris

Gwaggo Shuhua,

Ki yi haƙuri, zan faɗi wata magana tun kafin in gaishe ki, don in na tsaya gaisuwa zuciyata za ta karaya in yaga takardar, kamar yadda na yi wa ta jiya. Na karanta littafinki, wanda Baba ya ce ko sunansa kada a ambata a gidanmu. Na karanta har na daina ƙirga sau nawa. Kuma ina son Haisheng na cikin labarin. So na gaske nake nufi, irin wanda ke hana mutum cin abinci. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata da muke zama benci ɗaya.

To, yanzu ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a ƙasar da kike. Ni ce Peini, 'yar yayanki Deshui. Ba ki taɓa ganina ba. Shekarata goma sha shida. Mu nan lafiya lau. Tarin da Baba ke yi duk lokacin sanyi ya yi sauƙi, ya daina fita teku, injinan jiragen mutane yake gyarawa. Mama tana nan a rumfar kifi kamar kullum.

A shagon Inna Luo mai hayar littattafai na same shi, can ƙasan kwali, ba bango. Ni littattafan soyayya nake ɗauka, masu hoton yarinya da doguwar suma, na zaci irinsu ne. Sai na ga katangar bakin tekunmu a ciki, da bishiyar nan da guguwa ta karkatar. A shafin ƙarshe na ga sunanki. Inna Luo ta ce, "Ke dai in an kama ki, ba ki san ni ba." Ɗanta yana wanke kwanuka a wani gidan abinci a Lisbon, ta ce ya san inda kike, shi zai kawo miki wannan. In za ki amsa, ki aiko ta hannunta.

Gwaggo, yadda Haisheng yake tsayawa kan katanga duk yamma bayan jirgi ya tafi da masoyiyarsa Bailu zuwa Manila, ba ya kuka, ba ya magana, sai dai ya cire hularsa in wani jirgi ya ɓullo, wannan wurin in na zo sai na ajiye littafin na huta. Yanzu in an tashi makaranta ta can nake bi, in tsaya inda nake jin nan ya tsaya. Samarin ajinmu kam duk warin takalmin roba suke yi, ba wanda zai iya jiran mutum ko na tsawon cin taliya.

Amma me ya sa kika yi masa haka a ƙarshe? Na haddace wurin: "A shekara ta uku ya auri wata mai gyaran kifi, wadda hannunta ba ya rabuwa da ƙarni, ƙotar wuƙarta ɗaure da jan zare. Ta iya dafa shinkafa. Bai ƙara dariya ba." Na tsani matar nan. Ko suna ba ki ba ta ba, kuma daidai ne, ta ɗauki abin da ba nata ba. Na soke layukan da fensir, na rubuta nawa ƙarshen a gefe, inda Bailu ta dawo cikin farar riga. Kada ki yi fushi.

Akwai kuma maganar gida. Bana Kaka ta shekara bakwai a ƙasa. Baba ya ce lokaci ya yi da za a buɗe kabarin, a tsince ƙasusuwanta a goge, a sa a tulu, a mai da ita kusa da mijinta a kan tudu. Kin san 'ya mace ce ke riƙe baƙar lema a kan ramin don kada rana ta taɓa mamaci. Kaka ba ta da 'ya sai ke. Ba wanda ya furta haka a gida, amma kowa ya sani. Za ki zo?

'Yarki,
Peini

*

Lisbon, watan Afrilu

Peini,

Ina amsa gaisuwarki. Wasiƙarki ta iso tana warin man suya, yaron Luo ya kwana biyu da ita a aljihun rigar aiki. Na ji daɗin jin tarin Yaya ya yi sauƙi. A dafa masa citta da sukari mai duhu, tun yana yaro ita ke yi masa. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa. Garin nan duk hawa ne da gangara, wanda ya gina shi bai yi tunanin zai tsufa ba.

Rubutunki yana da kyau, ya fi nawa a shekarunki. Ban yi fushi da fensirinki ba. Wanda ya soke rubutu ya karanta shi ke nan.

Kin rubuto wa marubuciya, amma na daina. Littafi biyar na yi. A gida an daina buga su, a nan kuma sai an juya su zuwa wani harshe, a kawo mini littafi da sunana a bango in kasa karanta shi. Sai na koma ɗaukar fim, tunda hoto ba ya neman tafinta. Ina koyar da ɗalibai kaɗan, sauran lokaci ina cikin ɗaki mai duhu ina yanka hotuna ina haɗawa. Ba rayuwar da kike zato ba ce. Ina zaune ni kaɗai a saman shagon wani mai gyaran takalma, kuma har yau ban samu shinkafar da ta yi mini ba.

Wanda kika karanta shi ne na farko. Ina da shekara ashirin da biyu na rubuta shi, a ɗakin kwanan ɗalibai a Beijing, ina jin duk duniya ba wanda ya san zuciyar mutum kamar ni. Game da matar nan, kada ki yi saurin tsanarta. Ba ita ta zaɓi a ba ta layi uku ba.

Maganar lema. Na karanta wurin a tsaye, sai na nemi wurin zama. Da Innarmu ta rasu labari bai same ni ba sai bayan an rufe ta. Ina son zuwa fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma akwai mai haƙƙi a kaina a gidan nan, kuma ba zan tako ƙofar ba sai da yardar mai wannan haƙƙi. Kada ki tambayi kowa komai. Ki sa ido kawai, ki gaya mini abin da kika gani.

Gwaggonki

*

Shatou, watan Yuni

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan gwiwarki ta yi sauƙi. Inna Luo ta ce ki riƙa ɗaura ganyen kabeji mai ɗumi, amma ita komai kabeji take cewa. Muna lafiya. Na yi jarrabawa, lissafi ya kayar da ni. Na dafa wa Baba cittar, ya kurɓa ya dube ni ya ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ce a littafi na gani. Ya ce, "Ashe littattafan naki suna da amfani."

Na san Baba kike nufi da mai haƙƙi. Kin ce kada in yi tambaya, amma na yi, ki yafe ni. Tsoho mai zaɓen rana ya zo, ya sha shayi har buta biyu, ya ce a yi aikin cikin watan sanyi, kafin bikin tsakiyar hunturu. Da yamma muna cin abinci na rufe ido na ce, "Baba, wa zai riƙe wa Kaka lema?"

Ya ajiye tsinken cin abinci. Ya ce, "Ci abincinki."

Mama ta ce, "Ki bar uban naki ya haɗiye loma, kada ya shaƙe mu shiga uku da makoki biyu."

Shi ke nan. Na kwana ina jin na ɓata komai.

Amma Gwaggo, ji abin da ya faru. Ranar kasuwa Mama ta hau jirgin fito ta tsallaka gari, abin da ba ta yi sai shekara-shekara. Ta dawo da lema baƙa, doguwa, sabuwa fil cikin ledarta, mai mariƙin katako. Ta ɗora ta a kan kabad ɗin ɗakinsu. Na ce, "Mama, ta wace ce?" Ta ce, "Ta kakarki mana. Ko ke ce ke shirin mutuwa?"

Kin gani? Haka Mama take. Ba ta gardama da Baba a gaban mutane, sai dai ka wayi gari ka ga abu ya riga ya faru. Na tabbata ta shawo kansa, ta je ta sayo miki lemar da kanta don kada ki sha wahalar ɗauko ta daga nesa. Ƙofa ta buɗe. Ki zo.

Duk dare ina tsara yadda za a yi. Za ki sauko daga jirgin fito da baƙin tabarau, Baba zai yi kamar bai gan ki ba, sai ya karɓi jakarki ba tare da ya ce komai ba. Ni zan tsaya a baya, don na san in na gan ki bakina zai mutu.

Tambaya ɗaya. Haisheng mutumin gaske ne? Yana da rai? Ina duba fuskokin dattawan garin nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya yi kama da mai irin wannan zuciya ba. In kin zo ki nuna mini ko ƙofar gidansu ce.

Peini

*

Lisbon, watan Yuli

Peini,

Lafiya nake, ina fatan kuna lafiya. Kada lissafi ya dame ki, ni ma ya kayar da ni.

Ita da kanta ta hau jirgi ta sayo? Mahaifiyarki? A cikin motar haya na karanta, na wuce inda zan sauka, har wata tsohuwa ta miƙo mini hankici. Ban zaci zan ga wannan rana ba. Na sayi tikiti. Na gaya wa ɗalibaina ba ni nan cikin hunturu, sun tambaye ni ko biki ne, na ce kusan haka.

Ki faɗa mini launin da take so, da girman ƙafarta. Ba na son in zo hannu sake.

Gwaggonki

*

Shatou, ƙarshen Agusta

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Jikinmu lafiya. Guguwa ta hana jirgin fito tafiya, sai shekaranjiya wasiƙarki ta zo, kuma da ma ba ta zo ba. Ki mai da tikitin. Na yi kuskure. Lemar ba taki ba ce.

Da aka yi hutu na riƙa bin Mama rumfa ina taya ta shanya kifi. Wata rana da azahar mata suna hutawa, na zauna bayan kwanduna na fito da littafin. Ban san Tsohuwa Kuan, abokiyar aikin Mama, tana bayana ba. Ita ko sunanta ba ta iya karantawa, amma ta gane shi daga gani. Ta fizge ta ɗaga sama ta ce, "A'a, tsohon bala'in nan yana nan da ransa? Meizhu, zo ki ga 'yarki tana karatun tarihinki."

Aka sa dariya. Wata ta ce, "Yarinya, ki je gida ki gaida Haisheng, ki ce ya rage minshari, har gidanmu muna ji."

Mama ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da feɗe kifinta ta ce, "Kuan, in bakinki bai gaji ba hannunki ya huta da yawa. Ga kwandonki can."

Ni kuwa wuƙar hannunta nake kallo. Tun ina rarrafe nake ganin wuƙar nan. Akwai zare a ƙotar, ya dafe ya koma baƙi saboda daɗewa, shi ya sa ban taɓa tunanin ja ne ba.

Da aka tashi ta ɗauki littafin daga inda Kuan ta yar, ta goge shi a zaninta. Muna tafiya ta gefen katanga, ni a baya. Can ta ce, "Kin kai ƙarshe?"

Na ce e.

Ta ce, "To kin fi ni. Ni karanta mini aka yi. A rumfar can, matar malamin makaranta ta zauna kan kwando ta karanta wa kowa, ina tsaye da cikinki. Na ji daɗin labarin ma, har na yi wa yarinyar kuka. Sai da aka zo kan zaren."

 Bakina ya ce, "Lemar fa?"

Ta tsaya. Ta ce, "Shekara huɗu ina juya tsohuwar nan a gado, ina wanke ta, ina ba ta kunu a baki. A ƙarshe da ta rikice, Shuhua take kirana, ina amsawa. Ni na yi mata inuwa tana da rai. Ni zan ƙarasa."

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba, Gwaggo. Mama ba ta iya karatu sosai, amma ta buɗe shafin ƙarshe, ta san inda wurin yake. Ta ga layukan an soke su da fensir. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ke kika soke?" Na gyaɗa kai. Ta ɗora hannu a kaina, abin da rabonta da yi tun ina firamare, ta ce, "'Yar kirki." Ta miƙo mini littafin.

Ta ɗauka don ita na yi. Ba ta iya karanta abin da na rubuta a gefe ba. Kuma na yi shiru na karɓi godiyar.

Da muka shiga gida Baba yana barci gaban talabijin, baki buɗe, singileti ta naɗe a kan tumbinsa, baƙin mai a faratansa. Wannan ne na yi wata da watanni ina tsayawa a kan katanga dominsa. Har yau na kasa haɗa ido da shi, yana tambayar Mama ko ciwo nake yi. Kuma na gane ƙarshen da na rubuta, inda Bailu ta dawo, ƙarshe ne da babu ni a ciki.

Kin san duk wannan tun wasiƙata ta farko. Na rubuta miki na tsani uwata, kika amsa mini da maganar shinkafa da gwiwa. Me ya sa ba ki faɗa mini ba?

Kada ki zo.

Peini

*

Lisbon, watan Oktoba

Peini,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Na yi jinkiri, na sani. Na ɗan kwanta rashin lafiya, ba mai yawa ba, na tashi.

Ban faɗa miki ba saboda tsoro. Ke ce mutum na farko daga gida da ya rubuto mini cikin shekara goma sha shida, na ji in na faɗa za ki daina. Na ce wa kaina ba hurumina ba ne in gaya wa yarinya labarin iyayenta. Wannan ma gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba.

Sau ɗaya na ga mahaifiyarki kafin in rubuta littafin, ranar bikinsu. Na zo daga Beijing da sabon takalmi, na ga yayana da nake ganin ba kamarsa zaune kusa da wata mai kaushin hannu. Ko gama cin abincin biki ban yi ba na koma. Na rubuta bai ƙara dariya ba. A ina na sani? Ban kwana gida ɗaya da su ba ko sau ɗaya. Da littafin ya iso Shatou, Yaya ya aiko mini saƙo: shi kam in yi masa duk abin da na ga dama, amma matarsa ba ta ci mini komai ba, kada in dawo sai ita ta ce. Ba ta ce ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Daga baya na bar ƙasar, nisa ya zame mini uzuri.

Shekara uku da suka wuce na mai da littafin fim. A wani ƙauyen masunta na nan na ɗauka, don yana da katanga irin tamu. 'Yan wasana mutanenmu ne masu aiki a gidajen abinci, ranar hutunsu suke zuwa. Matar da kika tsana, fitowa ɗaya na tsara mata. Na samo wata mai suna Fang, mai yanka kifi a kicin, na ce mata, "Yaya, ki yi aikinki kawai, kada ki kalle ni." Ta ce, "Da ma wa ke da lokacin kallonki?"

Aka kunna kyamara. Tana yanka, tana yanka, sai ta ɗaga gwiwar hannu ta ture gashi daga goshinta. Ta kalli wanda ke fitowa a mijin, yana can gefe yana shan taba, ba ma a cikin hoton yake ba. Ta zaɓi tsoka mafi kyau ta ture gefe guda. Ba ni na ce ta yi ba. Na manta ban ce a tsaya ba, har mai kyamara ya taɓa ni.

A takarda na wuce ta da layi uku, ba abin da ya tare ni. Amma a gaban kyamara dole a tsayar da mutum mai numfashi, kuma dole in kalle shi. Na zauna a ɗakin duhu ina mai da hoton baya ina sake kallo. Rabin fim ɗin ya koma nata, har da suna. An ba shi wata 'yar kyauta a wani zaure cike da mutanen da ba su iya faɗin sunana. Sun tafa. Wadda na yi dominta ba ta san an yi ba, kuma ko ta sani ba abin da zai mayar mata.

Da kika rubuto maganar lema na yarda nan take, don ina son yarda. Laifin ba naki ba ne.

Ga wata takarda a ciki, ta mahaifiyarki ce. Ban liƙe ba, tunda ke za ki karanta mata. Ba lemar nake roƙo ba. Tata ce, ta fi ni zama 'yar Inna. Ina roƙon ta bar ni in tsaya a bayanta, a cikin rana, in ga an ɗauko uwata. In ta ce a'a, ba zan zo ba, kuma ba zan ƙara tambaya ba.

Na san abin da nake ɗora miki. In kika ba ta, za ta san kin daɗe kina rubuto mini, za ta tambayi me kika ce. In kin ga ki ƙona, ki ƙona, ba zan riƙe ki ba. Ban mai da tikitin ba tukuna.

Gwaggonki Shuhua

*

Shatou, watan Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jiki. Ba ki faɗi abin da ya kwantar da ke ba, kuma na lura. Mu lafiya, sanyi ya fara, tarin Baba ya dawo kaɗan. An kawo tulun, yana nan a zaure an rufe shi da jan ƙyalle.

Takardar Mama ta daɗe a jakar makarantata. Sau biyu na kai ta bakin murhu. Ba don ke na so ƙonawa ba, don kaina ne. Tun ranar nan Mama ta canza mini. Tana ajiye mini kumatun kifi a kwanona, ta saya mini ribbom a wurin mai talla. Rannan na ji tana ce wa Inna Luo, "Tawa shiru-shiru ce, amma ta san ciwon uwarta." Ban taɓa samun irin wannan ba, Gwaggo, kuma na san ba nawa ba ne. 

Na daina hayar littattafai. Duk wanda na ɗauko sai in ga akwai wata a gefe, mai kawo shayi, ko wadda aka aura don an rasa, sai in tsaya ina tunanin ita kuma wa ta haifa.

Makon jiya na kai wa Baba abinci a bakin katanga, yana kwance wani inji. Na tsaya ina murza yatsu. Na ce, "Baba, ka taɓa tsayawa a nan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Miƙo mini sifana." Na miƙa. Ya ɗaure abin da zai ɗaure, sannan ya ce, "Kowa a garin nan ya taɓa tsayawa a nan. Masu hankali in yunwa ta kama su sai su tafi gida." Ya buɗe kwanon ya leƙa ya ce, "Uwarki ta sake cika gishiri. So take ta kashe ni ta gaji sifanuna." Ya yi dariya shi kaɗai har tari ya sarƙe shi. Kullum yana irin wannan dariyar, ban taɓa lissafa ta a dariya ba, don ba irin ta littafi ba ce.

Jiya da yamma na leƙa ta taga na ga Mama a tsakar gida ita kaɗai, ta buɗe lemar ta miƙa hannu gaba, kamar yadda za ta riƙe a kan rami. Tana gwadawa ne. Kin san aikin yana cin safiya guda, sai an tsince har ƙananan ƙasusuwan yatsu, kuma ba a sauke lemar. Kafaɗarta ta dama ta daɗe da lalacewa da wuƙa. Ba a jima ba hannun ya fara rawa. Ta sauya zuwa hagu, shi ma haka. Ta rufe lemar, ta zauna kan turmi tana matsa kafaɗa. Ba ta san na gani ba.

Ban san abin da za ta ce ba. Kada ki sa rai saboda ni, na riga na taɓa karanta miki lema ba daidai ba. Tana iya cewa a'a, kuma tana da gaskiya in ta ce. Tana iya daina ajiye mini kumatun kifi.

Amma na yanke shawara. An taɓa karanta mata rubutunki a gaban mutane tana tsaye. Wannan karon ni zan karanta mata, tana zaune, mu biyu. Kafin in fara zan buɗe mata shafin nan, in karanta mata abin da na rubuta a gefe, in gaya mata dalilin da ya sa na soke. Ba na son ta ji roƙonki daga bakin da ke riƙe da ƙarya.

Ta dawo daga rumfa yanzu, ina jin ƙarar bokitinta a tsakar gida. Baba bai dawo ba. Zan rufe wannan in kai wa Inna Luo gobe, ko me ya faru.

Da na ce zan jira ta wanke hannu tukuna, kada takardar ta yi ƙarni. Na fasa. Yanzu zan kai mata.

'Yarki,
Peini